Ƙarar Tsohon Faifai

Tun da hantsi Auta ta baje kayan a kan teburin falo, ta kori kowa, ta ce ko kofin ruwa ba ta yarda a ajiye kusa ba. Malamar lissafi ce a sakandare, ba makanikiyar kwamfuta ba, amma irin mutanen nan ce da in sun ga an yi abu sau biyu a bidiyo, shi ke nan, ba mai sake gaya musu komai. Wata uku ta yi tana sayen kayan ɗaya bayan ɗaya don ta haɗa wa mahaifinta sabuwar kwamfuta da hannunta.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shekara tara ke nan yana buga littafi da yatsu biyu, tarihin mutanen da ya yi aiki da su a kan layin dogo. Ya bi su gida-gida ya ji ta bakinsu, kuma yau fiye da rabinsu sun rasu. Littafin nan kaf yana cikin faifan tsohuwar kwamfutarsa, wadda ta mutu watan jiya. Ba kwafi a ko'ina, don duk sanda aka yi masa maganar sai ya ce gobe.

Auta ta ciro tsohon faifan ta ɗaure shi cikin sabon akwati, don Baba ya tarar da aikinsa yana jiransa. Sabon faifan kuwa, wanda ake ce wa SSD, ɗan siriri ne, bai fi yatsa biyu ba. Ta zura shi a raminsa, ta ɗaure da ɗan sukuru, ta rufe akwati. Ta soka filashin da ta zuba babbar manhaja a ciki, ta kunna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, ita kuma ta yi wa kanta kirari a zuci.

Aka zo wurin da kwamfuta ke tambaya a kan wane faifai za a zuba manhajar. Faifai ɗaya ne ya fito a jerin. Yawan kayan da yake ɗauka daidai da na sabon, to dama su biyun abin da suke ɗauka ɗaya ne. Ta ga an nuna akwai kaya a cikinsa, ta ɗan yi jim, sai ta ce ai masu shago ne suka gwada shi kafin su sayar. A bidiyon ma cewa aka yi a share a fara da fili. Ta danna gogewa. Kwamfuta ta yi mata gargaɗi, ta danna na'am ba tare da ta karanta ba.

Sai ta ji wata 'yar ƙara daga cikin akwatin, ƙirrr, ƙat.

Ta san ƙarar nan. Shekara tara tana jin ta daga ɗakin Baba. Kuma ta san sabon faifai ba ya ƙara, don ba abin da ke juyawa a cikinsa. Mai shago har alfahari ya yi mata da haka. Ta janye hannunta daga kan tebur a hankali, ta zauna tana kallon allon da ke nuna mata faifai fayau, babu komai.

Da ƙyar ta iya lalubo lambar yayanta, wanda ke kula da kwamfutocin wani asibiti.

"Injiniya da kanta!" in ji shi. "An gama, ko mu zo da motar kashe gobara?"

"Yaya, na goge littafin Baba."

Dariyar ta ɗauke. "Faɗa min abin da kika danna, ɗaya bayan ɗaya."

Ta faɗa masa.

"Bayan gogewar, kin danna ci gaba?"

"A'a."

"Kin tabbata? Auta, ki tuna da kyau."

"Wallahi ban danna ba."

"To kar ki taɓa komai. Kashe ta daga bango. Ke wa ya ce miki ana zuba manhaja da tsohon faifai a haɗe? Ai cire wayarsa ake yi tukuna, ko ɗan koyo ya san wannan!"

"Ka yi min faɗan daga baya. Zai dawo?"

Ya ja numfashi. Ya ce abin da ta goge kamar jerin babi ne na gaban littafi, shafukan suna nan, muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. "Amma faifan ya tsufa," ya ce. "Ba zan yi miki alkawari ba."

Ta buɗe akwatin ta haska da fitilar waya. Ga sabon faifan nan, sukuru ya danne shi, amma haƙoransa masu ruwan gwal suna leƙowa daga ramin. Bai shiga ba. Tsoron kada ta karya shi ne ya hana ta tura shi sosai, shi ya sa kwamfutar ba ta ma san da zamansa ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ta kwance sukurun, ta karkata faifan, ta tura har ya zauna daram, sannan ta zare wayar tsohon faifan kamar yadda Yaya ya ce.

Ta sake kunnawa. Wannan karon ma faifai ɗaya ya fito, amma sabo fil. Manhaja ta fara shiga. Tana zaune tana cizon farce sai ga Baba ya shigo da tabarau a goshi, yana murza hannuwa.

"Ya ake ciki, Autata? Yau zan hau sabon jirgi?"

Ta so ta ce saura kaɗan. Ƙaryar har ta zo bakinta, ta kasa fita. Ta durƙusa a gefen kujera ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Ya dubi akwatin. "Duka?" ya ce.

"Yaya ya ce wataƙila a samo."

"To. Allah ya sa." Ya dafa kanta. "Tashi, tashi. Ai ba da gangan kika yi ba." Ya juya ya shige ɗakinsa, ya turo ƙofa. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Bayan azahar manhajar ta gama zama. Ta kashe, ta mayar da wayar tsohon faifan, ta kunna, ta sauko da wata manhajar bincike da Yaya ya turo mata. Yana kan waya yana ja mata kunne kada ta yarda da duk wani saƙo da zai ce a gyara faifan ko a shirya shi. Bincike ya fara. Kashi uku cikin ɗari, kashi huɗu. A kan sha tara ya tsaya cak, faifan yana ta ƙat-ƙat-ƙat, har na minti ashirin.

"Ya mutu ko?" ta ce.

"Bar shi. Yana fama ne da wani wurin da ya lalace."

Ba ta ci abinci ba. Can lambar ta motsa, ashirin, ashirin da shida, har aka kai ƙarshe, sai wani layi kore ya fito, mai nuna an gano kayan da aka goge. Yaya ya sa ta karanta masa shi sau biyu kafin ya yarda ta danna. Ta buɗe. Ga jakar littafin nan, babi talatin da ɗaya a jere. Ta kwafe su zuwa sabon faifai, ta kwafe a filashi, ta tura wa Yaya, sannan ta bi su ɗaya-ɗaya tana buɗewa. Duk sun buɗe.

Da gudu ta nufi ɗakin Baba, ko sallama ba ta yi ba.

Yana zaune a bakin gado da wani tsohon littafin rubutu a kan cinya, biro a hannu. Ya jera sunayen mutanen littafinsa da lamba, shafi ɗaya da rabi. A lamba ta ashirin da uku ba suna, sai ɗigon biro da ya huda takardar. Idanunsa sun yi ja.

"Mai ba da hannu na tashar gada," ya ce, bai ɗago ba. "Kwana uku na yi a gidansa yana ba ni labari. Ni na riƙe makararsa. Tun ɗazu nake nema, Auta, sunansa ya ƙi zuwa."

"Baba, ya dawo. Duk ya dawo, ba abin da ya ɓace."

Ya dube ta kamar bai gane ba. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

"Babi na sha ɗaya," ya ce. "Je ki duba min sunansa tukuna."