Rana a Murfin Kwano

…wai a fata ake yin sa, bitamin ɗin. A fata! Tun da likitar nan ta faɗa nake juya hannuna ina kallo kamar na aro. Hannuna ni Musonda, duk kaushi, ashe kullum yana haɗa magani ban sani ba. Rana ta taɓa shi, shi ke nan. Ba wuta, ba tukunya.

Ba Tata, babana, kana ji na? Ina fa za ka ji. Ga gilashi, ga abin da suka kifa maka a hanci. Gado na uku daga taga. Kwana shida da korona ta kwantar da kai, kwana shida muna tsaye cikin ciyawar bayan ɗakin nan, mu masu kawo abinci, kowa da tagarsa, kowa da mutuminsa. Sanyin Yuli na cin ƙafata. Tuwon ya huce a kwano, na san ba za ka ci ba, na dai kawo.

Na iya kwaikwayonta fa, likitar. Sau ɗaya na ji ta na ɗauke. Sai ka tura tabarau da ɗan yatsa, ka yi gyaran murya, ka kalli saman kan mutum: "'Yan mata, bitamin D ɗin mahaifinki ya yi ƙasa ƙwarai. Ban ce shi ya kawo ciwon ba, kar ki je ki ce na ce. Mun dai lura, waɗanda cutar ta fi kayarwa, da yawansu nasu a ƙasa yake. Ko shi ne, ko wani abu ne ke tafiya tare da shi… ana kan bincike. Mun ba shi ƙwaya." Haka na yi wa mahaifiyata, Ba Mayo, jiya a tsakar gida, har da tabarau na ƙarya. Ta yi dariya, ta jefe ni da silifa, sannan ta zauna a kan turmi.

"Rana?" in ji ta. "A garin nan namu na Kitwe? Wadda ke ƙona mini kifi a faifai? Ita ce mijina ya rasa?"

Ita fa, Ba Mayo. Ita.

Shekara ashirin da bakwai… motar ma'aikata ƙarfe biyar, kejin sauka ramin ma'adinai ya haɗiye ka, ƙasa, ƙasa, inda jan ƙarfe yake. Fitila a goshi. Ka fito an riga an kunna na titi. Ina zaton gajiya kawai ramin ke ba ka, da warin dutse a riga. Ban san yana karɓar wani abu ba, a hankali, kullum kaɗan.

Wannan abu da ke can sama, nesan da ba a iya faɗa, ya taso, ya ratsa duhu, ya wuce gajimare, ya sauka a wuyan mai tallan gawayi ya shiga jininsa. Kyauta! Akuya na samu. Ƙadangaren da ke kan bangon nan na samu, ji shi yana gyaɗa kai kamar dattijon coci. Kai kaɗai —

Bargon nan. Mai ruwan ƙasa, mai hoton damisa. Shekarata tara. Lahadi ce, ka dawo daga coci kana son barci, haske na dukan idonka kana juyi. Ni na hau kujera, ni na ɗauko ƙusa da dutse na kafa shi a taga. Ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Wannan yarinya ta fi shugaban rami hankali." Na yi sati ina tafiya da ƙirji a gaba. Har yau yana nan a tagar, ƙusoshin sun yi tsatsa. Lahadi nawa ke nan? Rana ɗaya tak da take taka, ni na toshe…

A'a. Ta ce kar in ce ta ce. Ta ce ana bincike. Ana bincike, Musonda, ki bar kanki haka.

Da tarin ya fara ma me muka yi? Maƙwabciyarmu Bana Chisanga ta shigo da ganyen turare a zani, baki a gaba: "Ku rufe shi! Ku ƙara bargo! Iska ce maƙiyiyarsa, ni na binne miji biyu, na san ciwo!" — wannan ma na iya, har da yadda take tsotsar haƙori. Bargo uku, tukunyar surace, kai a ciki kana zufa. Mutumin rami, mun haƙa masa wani ramin a ɗaki. Da ƙauna fa. Duk da ƙauna.

Lambar iskar jininka da ke saman gadonka tamanin da shida. Nas ta ce in ta haura casa'in za mu yi magana, in ta sauka… ba ta ƙarasa ba, ni ma ba na kwaikwayon wannan.

Ga rana ta shigo, ƙarfe goma. Ta hau gado na ɗaya, ta kwanta a ƙafar tsohon nan. Na biyu, rabi. Nan take tsayawa. Kullum nan take tsayawa, taku biyu kafin kai.

Murfin kwanon nan na ƙyalli. In na karkata shi haka… a'a, silin ya haska. Ƙasa kaɗan. Bango. Ƙarfen gado. Matar da ke tagar kusa tana kallona, ta kalla. Na sani, an gaya mini, abin da fata ke so ba ya ratsa gilashi, haske kawai ke wucewa, fanko. Na sani!

Ga shi a kumatunka. Ɗan fari, kamar ƙwai.

Ashe haka fuskarka take da rana? Akwai tabo a gefen girarka. Yaushe? Furfurar nan duk yaushe?

Ka motsa. Ido na ƙiftawa. Hannu na tasowa daga zanin gado, a hankali, da igiyar ruwa a jikinsa… kare ido kake, ko miƙowa? Ba Tata, wanne? In sauke?

Tamanin da bakwai. Da shida.

Kafaɗata ta mutu. Ban sauke ba.