Harafi a Cinyar Wule

Da safe Malam Tajuddeen yana koyar da Turanci a makarantar sakandare. Bayan la'asar kuma yana da ajin manya a zauren gidansa da ke Fammar: teloli biyu, mai faci, wani mai sayar da taki, sai Uzairu, Bafulatanin da rugarsu take bayan gari. Uzairu ya shiga ajin ne don ya iya karanta rubutun jikin kwalaben maganin dabbobi, tun da wata allura da wa'adinta ya wuce ta kashe masa maraƙi.

Malamin ya lura magidanta ba sa riƙe kalma idan an ba su ita tsurarta. Sai ya riƙa buɗe hoto a wayarsa na abubuwan da aka san Amurka da su, ya ba da labarin asalin kowanne, kalmomin su biyo baya. Sun yi mikiya mai farin kai. Sun yi mutum-mutumin matar nan mai ɗaga fitila a bakin teku, wanda Faransa ta ba su kyauta. Sun yi wandon jins, wanda aka fara ɗinka wa leburori da masu haƙar ma'adinai, aka sa masa ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage. Telolin sun daɗe suna gardama a kan wannan.

Wata ranar ya nuna musu mutum a kan doki, da faffaɗar hula da igiya a hannu.

"Kaboyi!" in ji mai faci. "Masu harbin nan."

"Kafin harbi makiyayi ne," in ji Malam Tajuddeen. Ya rubuta cowboy a allo, ya raba ta biyu, saniya da yaro. Ya ce sana'ar ma a wurin makiyayan Meziko suka koye ta.

"Ashe Fulani ne," in ji babban telan. "Uzairu, ga 'yan'uwanka. Su a kan doki, kai a kan takalmin roba."

"Bari in sayi dokin, tela, kai zan fara ɗaurewa."

Da dariya ta lafa, malamin ya rubuta brand. Ya ce a can shanun mutane da yawa suna kiwo a fili ɗaya ba shinge, suna cakuɗewa. Don haka kowane mai garke yana da ƙarfensa. A sa shi a wuta ya yi ja, a manna a cinyar saniya, shaidar ta zauna har ta mutu.

Uzairu ya matso ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. A gidansu kunne ake tsagawa, kowane zuri'a da irin tsagarta. Bara an kore masa karsana biyu. Ya ga ɗaya a wata kasuwa da idonsa, amma an gyara kunnen da wuƙa, kuma mai ita ya kawo mutanen da suka rantse.

"Malam, wannan ba ya goguwa?"

"Ba ya goguwa."

Uzairu ya je Rano ya sa mai walda ya lanƙwasa masa guntun rodi, ya fitar da harafin farko na sunansa. Mahaifinsa ya hana a taɓa nasa shanun. Uzairu ya sa ƙannensa suka kayar da nasa ɗaya bayan ɗaya, shi ya riƙe ƙarfen da hannunsa. Da ya ba da labari a aji, suka raɗa masa suna Kaboyin Fammar. Malam Tajuddeen ya ji daɗi, ya ce wannan shi ne karatu.

"Sai dai shanun fushi suke da ni," in ji Uzairu. "Da na matso sai su watse. Za su huce."

Ranar kasuwar Kibiya ta zagayo. Ranar ba makaranta, da hantsi Malam Tajuddeen ya hau babur ɗinsa zai je cefane. A wata mararraba kafin a shiga gari, 'yan sa-kai sun gitta gungumen itace a hanya. Sun fara tsayawa a wurin ne tun da aka kore shanu a wajen Zinyau. Ya tarar da babura a jere a gefen titi, da mutane sun yi da'ira. An ɗaure wata farar saniya a jikin ɗorawa. A cinyarta ta hagu akwai ƙuna, ɓawon ciwon bai gama faɗuwa ba, ƙudaje na binsa. Ya gane harafin kafin ya ga mutumin.

Uzairu yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannayensa ta baya. Leɓensa ya fashe, idonsa ɗaya ya rufe. Malafarsa tana hannun wani saurayi yana fifita da ita.

Shugaban 'yan sa-kan, Maharazu, gajere ne mai faɗin ƙirji, da bindigar toka a kafaɗa. Malam Tajuddeen ya san shi, ya taɓa koyar da ƙaninsa.

"Maharazu, lafiya? Wannan ɗalibina ne."

"Ɗalibinka ɓarawon shanu ne, Malam."

"Juya ce, ba ta haihuwa," in ji Uzairu daga ƙasa. "Kara zan kai ta, kasuwar shanu, in sayar. Malam, gaya musu."

Wani ya sa masa ƙafa a baya, ya kife. Wani dattijo mai babbar riga ya ratso mutane, yana huci. Shi ne Alhaji Shitu na Zinyau, wanda aka shiga garkensa. An kira shi a waya, ya zo a guje.

"Ita ce," in ji shi daga nesa. "Tawa tana da tabon lalas a cinya, inda aka taɓa sa mata ƙarfen magani, daidai nan. Ku dubi abin da suka yi, sun ƙone tabon."

"Alhaji, ka matsa ka duba ta da kyau," in ji Malam Tajuddeen.

"Ni za ka koya wa saniyata?"

"Ba tabo aka ƙone ba. Shaida ce. Harafin sunansa ne. Ni na koya musu a aji, haka makiyayan Amurka suke yi."

Dariya ta tashi.

"Amurka!"

"Malam, nan Kibiya ce fa."

"Yaushe Bafulatani ya fara rubuta boko a jikin saniya? Kakansa ma kunne ya tsaga."

Malam Tajuddeen ya ciro waya, ya nemo hoton, ya ɗaga. A hoton mutum biyu sun danne ɗan maraƙi, na uku ya manna masa ƙarfe, hayaƙi na tashi. Maharazu ya karɓa ya duba, ya juya wa mutane su gani.

"Kun gani? A waya ake koya musu. Malam, ashe kai ne mai ba da darasin ɓatar da shaida."

"Ka ji tsoron Allah, Maharazu. A kira Arɗon rugarsu. A kira mai waldar da ya yi ƙarfen, yana nan a Rano. Ko ku kai shi wurin 'yan sanda."

"Mu kai shi yau, gobe mu haɗu da shi a kasuwa yana shan fura?" in ji wani daga baya.

Wayar ta bi hannu zuwa hannu, ba ta dawo ba. Mutane suna ƙaruwa, domin duk mai zuwa kasuwa sai ya tsaya a shingen. Waɗanda suka zo daga baya ba su ji maganar aji ba. Abin da aka gaya musu shi ne an kama ɗaya daga cikin ɓarayin Zinyau. Wasu sun tsinci duwatsu. Wani mai kayan itace ya kwance ɗaurinsa, aka ɗebe.

Wani tsohon dillalin shanu ya ɗaga sandarsa, ya ce a saurara.

"Abin ba wuya. Bafulatani da saniyarsa ba a raba su. A kwance ta, a kwance shi, ya kira ta. In ta zo, tasa ce, mu ba shi haƙuri. In ta ƙi, to."

Mutane suka amsa. Har Alhaji Shitu ya gyaɗa kai.

"A'a," in ji Malam Tajuddeen. "Ba yanzu ba. Bai daɗe da ƙona ta ba, tsoronsa take ji. Shi da bakinsa ya gaya mana."

"Ka ji ko? Tun kafin a fara ya kawo uzuri."

"Me kake tsoro, Malam, in tasa ce?"

Maharazu ya yanke igiyar hannun Uzairu da wuƙa. Uzairu ya miƙe da ƙyar, ya tofar da jini, ya dubi malaminsa sau ɗaya. Aka buɗe fili tsakaninsa da ɗorawar, aka zare igiyar daga wuyan saniyar.

"Wule," ya kira sunan saniyar. Muryar ta fito a shaƙe saboda bakin ya kumbura. Ya sake, ya ja sunan kamar yadda yake yi da yamma, ya bi shi da kaɗa harshe. "Wule. War, war," wato zo, da Fulatanci.

Saniyar ta ɗaga kai, ta miƙar da kunnuwa. Ta tako zuwa gare shi a hankali, ta tsaya, ta sake takowa. Saura kaɗan hancinta ya taɓa shi, Uzairu ya miƙa hannu zai shafa wuyanta. Ta zabura, ta juya cinyar nesa da shi, ta yi tsalle ta ture wani mai keke, ta faɗa cikin gonar dawa da gudu.

Dutsen farko ya same shi a ƙeya. Ya durƙusa. Icen farko ya sauka a kafaɗarsa, aka ji ƙarar ƙashi. Daga nan da'irar ta rufe.

Malam Tajuddeen ya kutsa, ya faɗa a kansa, ya rufe kan Uzairu da ƙirjinsa. Yana ihu yana kiran sunayen waɗanda ya sani a cikinsu. Dukan bai tsaya ba. Gora ta sauka a damtsensa na dama, hannun ya saki. Mutum biyu suka kama ƙafafunsa suka ja shi a kan tsakuwa zuwa bakin kwalbati, wani ya zauna a bayansa. Daga nan, ta tsakanin ƙafafun mutane, yana ganin Uzairu. Da farko yana kare kai da hannu. Daga baya hannun ya sauka. Wani saurayi da rigar ƙwallo ya ɗauko bulo daga gefen titi, ya ɗaga da hannu biyu, ya sake.

Wani ya ce a kawo taya. Wani ɗan acaɓa ya cire tiyon tankinsa yana tsiyaya fetur a gorar ruwa. A nan ne Maharazu ya harba bindigarsa sama. Hayaƙin toka ya turnuƙe, mutane suka ja baya.

"Ba ƙonawa! Na ce ba ƙonawa!"

Ba wanda ya yi gardama. Yawancinsu sun riga sun gaji. Suka fara zubar da itatuwa, wasu suna neman takalmansu. Wanda ke zaune a bayan malamin ya tashi ya hau babur ɗinsa.

Yaran Alhaji Shitu sun kamo saniyar daga cikin dawa, suka jawo ta bakin titi. Alhajin ya zagaya ta. Ya shafa ƙahon, ya duba hantsar. Sannan ya kama leɓenta ya buɗe bakin. Haƙoran sun cinye, sun yi gajeru. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tawa haihuwarta ɗaya," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Wannan tsohuwa ce."

Dillalin da ya kawo shawarar ya matso ya leƙa bakin, ya juya ya bi hanyar kasuwa. Maharazu ya sa yaransa suka janye gungumen daga titi. Kafin a jima mararrabar ta koma hanya, babura na wucewa suna kauce wa jinin.

Wani direban a-kori-kura da ya sauke tumatir ya yarda ya tsaya. Shi da Alhaji Shitu suka ɗaga Uzairu suka shimfiɗa shi a baya, a kan buhunan da babu komai a ciki. Alhajin ya tsaya riƙe da ƙofar, bakinsa na motsi, bai hau ba. Malam Tajuddeen ya hau da hannu ɗaya, ya ɗora kan Uzairu a cinyarsa. Direban ya ce asibitin Rano ya fi, can ne ake da likita.

Hanyar tana da ramuka. Kowane rami sai jini ya fito ta kunnen Uzairu. Yana numfashi da ƙara, idonsa mai kyau a buɗe. Sau ɗaya ya yi magana, da Fulatanci, malamin bai gane ba. Malam Tajuddeen ya sunkuya yana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Duwatsun Rano sun fara bayyana a gaba lokacin da ƙarar numfashin ta tsaya.

Ya jira. Ya sa tafin hannunsa na hagu a ƙirjin, ya jira kuma. Sannan ya rufe idon, ya cire hularsa ya rufe fuskar, ya buga rufin motar.

Direban ya tsaya a gefen titi, ya fito, ya leƙa. Ya yi salati.

"Malam, mu ƙarasa asibitin, ko yaya?"

"Juya," in ji Malam Tajuddeen. "Fammar. Akwai hanyar shanu ta bayan gari, zan nuna maka. Mahaifinsa yana gida."