Ruwan da Ba a Watsa wa Milutin Ba

Laifin Nenad ne, kuma ko shi bai musa ba. Irin mutanen nan ne da in jirgi zai tashi da la'asar, tun hantsi suke son su ga kansu a filin jirgi, sai ka ce su za a ba tuƙin. Da safen da suka je ƙauye ɗauko surukinsa Milutin, bai ko kashe mota ba. Ya cusa akwatin tsohon a but, ya cusa tsohon a kujerar baya, ya taka mai. Maƙwabciyar tsohon, Radmila, wadda Gordana matar Nenad ta roƙa tun tuni ta zo ta watsa musu ruwa, shigarta kicin ke nan ɗauko kofi. Ta fito ta tarar da ƙofar gida wayam.

A wurinmu ba a barin matafiyi ya fita a bushe. Wanda zai rage a gida shi ke watsa ruwa a bayansa, don tafiya ta gudana yadda ruwa ke gudana. Yawancin mutane yanzu da dariya suke yi. Slavka, mahaifiyar Gordana, ba da dariya take yi ba. Duk tsawon shekarun da Milutin ya yi yana jan tirela daga Topola zuwa Bagadaza da dawowa, bai taɓa tayar da mota ba sai ya ga tana tsaye a ƙofa da kofinta, ko da faɗa suka kwana.

Bara Slavka ta rasu. Tun daga ranar ƙafar Milutin ba ta wuce hanya biyu ba, daga ɗaki zuwa maƙabarta, daga maƙabarta zuwa ɗaki. Likita ya ja Gordana gefe ya ce mata shi ba shi da ƙwayar da zai rubuta, su fitar da shi daga gidan nan kafin gidan ya cinye shi. Ta kwashe sanyin bana kaf tana lallashi, da kuka da fushi da haɗa shi da Allah, kafin ya yarda ya bi su hutu bakin teku a Masar. Ta kuma san halin ubanta. In yau ya juya ya koma, ba zai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Sai da suka hau babban titi Gordana ta tuna da Radmila. Ta yi ta fatan bai lura ba. Amma mutumin da ya ƙare rabin rayuwarsa yana kallon madubin gefe, me zai wuce a bayansa bai gani ba? A haka suka isa Belgrade, babban birninmu.

Filin jirgi ya cika maƙil da masu tafiya hutu. Maza sun sha gajerun wanduna, ƙafafu farare fat, mata sun ɗora hulunan rana tun a cikin inuwa, kowane akwati an naɗe shi da leda kamar ragowar abinci. Milutin kaɗai ne da kwat ɗinsa na zuwa coci. Ya miƙa fasfo, aka auna akwatinsa, ya bi layi ba musu, har Gordana ta fara sakin jiki. A wurin bincike ya cire bel da takalmi yadda aka ce, ya zuba a tire. Nan ne wani matashin jami'i mai ɗaurarriyar fuska ya zaro robar ruwa daga aljihun kwat ɗin.

"Baba, wannan ba za ta wuce ba. Ko ka shanye, ko ka jefa a kwandon can."

"Ruwan gidana ne. Da shi nake shan magani."

"Ko na Kogin Urdun ne, ba zai wuce ba."

Milutin ya karɓi robar ya tsura mata ido. Sai ya ɗauki bel ɗinsa daga tire, ya koma gefe, ya fara zura shi a wando a hankali.

"Ku tafi," ya ce. "Ni na fasa."

"Haba Baba!" Nenad ya taso yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya. "A kan ruwan roba? Can ciki zan saya maka goma."

"Ba a watsa mana ba."

"Au, wannan ce damuwar? Kawo robar in watsa maka yanzu-yanzu."

"Kai ba matafiyi ba ne? Ina ka taɓa ganin matafiyi ya watsa wa matafiyi? Ka yi karatu dai, amma ban san me suka koya maka ba."

Nenad bai haƙura ba. Ya zaro waya ya kira Radmila ta bidiyo, ya kanga wa surukinsa a fuska. Ga Radmila a ƙofar gida tana haki, tana ba da haƙuri, ta ɗaga bokiti guda ta sheƙa a titi har kaji suka watse.

"Ka gani, Baba? Bokiti guda ma!"

"Ta wanke wa kaji ƙafa," in ji Milutin. "Ni ga ni nan, dugadugaina a bushe."

Gordana ta ture mijinta gefe ta tsaya gaban ubanta. Haushi ya cika ta, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

"Baba, kai ka koya mana in an fito ba a juyawa. Ka ce juyawa ya fi komai muni."

"Na sani."

"To yaya za ka yi?"

"In zauna a kujerar can har ku dawo." Ya kau da kai, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Ba jirgin nake tsoro ba, 'yata. Na duba madubi da muka taso. Babu kowa a ƙofar."

Gordana ta dube shi. Ta shirya wa gardama, ta shirya wa taurin kai, wannan kam ba ta shirya masa ba. Ta waiga tana neman wanda zai rage, ko wane ne. Gabanta matafiya, bayanta matafiya, kowa da tikitinsa a hannu. Idonta ya sauka kan jami'in nan.

"Ɗan'uwana, don Allah, yau za ka yi tafiya?"

"Ni? Ina za ni? Rabona da hutu har na manta."

"To kai ne. Karɓi robar nan ka watsa a bayansa."

Ya dube ta kamar ta ce ya ba ta aron hularsa. Ya ce, "Baiwar Allah, kin san inda kike kuwa? Ga kyamara can, ga shugabata can. Wani ya zame ya karye, wa zai amsa? Ku matsa, kun tare layi."

Layin kuwa ya riga ya shiga maganar, domin mutanenmu ba a yin rigima a gabansu su tsaya kallo. Wani mai tumbi ya ɗaga murya yana cewa jirgi zai tafi ya bar su a kan camfin tsofaffi. Matarsa, wata ƙatuwa mai faffaɗar hula, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Rufe mana baki, kai da ka hana mu fita sai da ƙanwarka ta sauko da buta." Ta juya kan jami'in. "Kai yaro! Ranar da ka je jarrabawar aikin nan, uwarka ba ta watsa maka ba?"

Kunnuwan jami'in suka yi ja. "Kakata ce," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka ji! To da me kake tsammani ka ci, da kyan fuskarka?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga can baya ya ce a watsa wa kowa da kowa a huta. Jami'in ya saci kallon shugabarsa, wata dattijuwa mai gilashi da ke zaune gaban na'ura. Ita kuwa a daidai lokacin ta gano wani abu mai muhimmanci a cikin akwatin wani, ta kafa wa allo ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Ya ja dogon numfashi, ya miƙa hannu. "Kawo, Baba. Sake cire bel ɗin. Ka wuce, kada ka waiwaya."

Milutin ya dube shi sama da ƙasa, kamar mai duba taya kafin doguwar tafiya. Sannan ya miƙa robar. Ya zare bel, ya tallafe wando, ya taka da safa ya shige ta ƙofar na'urar. Jami'in ya buɗe murfi ya watsa. Ko tsoro ne, ko so yake a yi ta ta ƙare, oho, rabin robar ya tafi gaba ɗaya, ya sami tsohon a dugadugai.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce da sauri, ya jefa robar a kwando. "Na gaba!"

Wata mai shara ta taho da tsumma tana tambayar wane mara tarbiyya ne ya yi wannan, kowa ya kau da kai. Gordana ta so ta yi wa jami'in godiya, amma ya riga ya ɗaure fuska yana yi wa mai tumbi faɗa a kan makullan aljihunsa. Ta wuce ta tarar da ubanta zaune yana sa takalmi.

"Yaron nan bai iya ba," ya ce. "Uwarki ba ta taɓa jiƙa mini safa ba. Ta ina ake bi?"

Ta ina ake bi! Gordana ta dafa kafaɗar Nenad. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa, ta ji kamar an sauke mata buhun da ta ɗauka tun jana'iza. Ta nuna masa hanya, ya shige gabansu, takalminsa na ƙara caɓal-caɓal.

A cikin jirgi, kafin a ɗaura bel, aikin farko da kowa ya yi shi ne miƙa hannu sama ya murɗe bututun iska. Ba mai son iska ta buge shi a ƙeya ya kwana da sanƙararren wuya tun ranar farko ta hutu. Mai faffaɗar hula, wadda kujerarta ta faɗo a bayansu, ta rufe nata ta rufe na maƙwabta, ta kuma leƙo ta umarci Milutin ya cire jiƙaƙƙiyar safar nan kafin sanyi ya kama masa ƙoda. Ya cire, ma'aikaciyar jirgi ta kawo bargo ta rufe masa ƙafa.

Da jirgin ya fara gudu, rabin fasinjoji suka yi alamar gicciye. Milutin ya damƙe hannun kujera, ƙafarsa ta dama tana ta danna birkin da babu shi. Gordana ta ɗora hannunta kan nasa. Aka yi wata girgiza, ƙasa ta sake su, gidaje suka karkata suka ƙanƙance. Ya daɗe idonsa a rufe. Da ya buɗe, sai ya manna goshi a taga.

"Ga babban titi can," ya ce. "Dubi tireloli. Wancan na baya ya cika matse na gabansa, sakarai."

Suka huda gajimare suka fito cikin rana. Nan da nan jirgi ya ɗauki ƙamshin soyayyar kaza da dafaffen ƙwai, domin ba wanda ya yarda ya bar gida da cikinsa a hannun kamfani. Nenad, wanda ya fi kowa ɗokin tafiyar, tuni ya yi barci baki buɗe. Gordana ta jingina, ta ji idonta na lumshewa ita ma.

"Gordana."

"Na'am, Baba."

Bai juyo ba, tagar yake kallo. "Duk zuwan da kike yi ƙauye tun bara, in za ki koma, ba wanda ke watsa miki."

Ta sani sarai. Kullum takan ja mota ta ƙi duba baya, don kada ta ga ƙofar. Ba ta taɓa zaton shi ma abin na ransa ba.

"Ba komai, Baba."

"Da komai. Nakan ɗauko kofin, sai in kasa fitowa da shi." Ya gyara bargon a gwiwarsa. "In mun dawo, ranar da za ku koma birni, ni zan tsaya a ƙofar."

Gordana ta juya fuska wajen hanyar tsakiya, hawaye suka zubo, ba ta ko share ba. Na daɗi ne, ta kuma san na daɗi ne. Tun da aka binne mahaifiyarta, yau ne karo na farko da ta ji ubanta ya ambaci wani abin da zai yi nan gaba.

"To, Baba," ta ce.

Ya goge tagar da hannun kwat, ya ƙara matsawa. "Wai tekun nan da kuka dame ni da shi, ta wane gefe zai ɓullo?"