Awarwaron da Aka Wanke

Mai Wanki ba ta iya ganin abu ya yi ja-ja ta ƙyale shi. Shekara ashirin tana faɗa da dattin wuyan riguna a shagonta na wanki da guga, har ta kai ko haƙoran mutum ta kalla sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Wannan hali ne ya ja mata.

Mahaifiyarta, Inna, tsufa ya cinye mata tunani. Ta manta jikoki, ta manta hanyar banɗaki. Abu biyu kaɗai suka rage mata, fuskar 'yarta da awarwaron hauren giwa da marigayi mijinta ya ba ta tun suna sabon aure. Awarwaron ya yi launin zuma, kullum tana murza shi da babban yatsa.

Ranar da aka cire shi don yi wa Inna wanka, Mai Wanki ta ɗaga shi ta yatsina fuska, ta jefa a kofin ruwan bilic. Da ta tsamo shi ya yi fari ƙal, har da jin daɗinta.

Inna ta kalle shi sau ɗaya ta ture.

"Ba nawa ba ne. An sace nawa."

Daga nan ta rufe baki. Kwana biyu ko ruwa sai da dabara. A kai cokali bakinta, ta juya wa bango fuska ta ce sai ɓarawo ya dawo da kayanta. Mai Wanki ta yi rantsuwa, ta yi lallashi, ta shiga kicin ta yi kukan takaici. Ga ɓarawon nan tsaye da kwano a hannu, ba damar ya faɗa.

A rana ta uku ta nufi shagon wani tsohon maƙerin zinariya a bayan kasuwa, ta ajiye awarwaron a kan teburinsa.

"Baba, don Allah ka mayar min da shi yadda yake."

Tsohon ya manna ƙaramin gilashi a ido, ya juya awarwaron a hankali kamar ba gaggawa a duniya.

"Haure ne na gaske. Kin ga layukan nan da suka sassaɓa kamar saƙa? Ƙashi ba ya da su, roba ma haka. Wa ya yi masa wannan aika-aika?"

"Ni ce. Datti na wanke."

"Datti!" Ya cire gilashin. "'Yata, wannan ba dutse ba ne. Haƙori ne, a jikin mai rai ya tsiro. Yana shan man jiki da gumin mai shi. Jan da kika wanke, jikin mahaifiyarki ne na shekara da shekaru. Ga shi har ya fara tsagewa don bushewa."

"Na ji, na yi laifi. A rina shi mana! An ce ruwan shayi yana yi."

"Zai yi duhu, amma bai ɗaya. Nata kuwa inda yatsa ke murzawa ya fi haske, cikinsa ya fi duhu. Hannun da ya san abinsa ba za ki ruɗe shi ba."

"To me zai dawo da shi?"

"A sa shi a hannu. Shekara talatin ko arba'in."

Ta ji kamar ta kife masa teburin. Matar da ba ta ci abinci ba kwana uku ake yi wa zancen shekara arba'in! Tsohon ya shafa wa awarwaron ɗan mai saboda tsagar, ya naɗe a tsumma ya miƙa mata.

Da ta koma gida ta iske Inna a bakin gado, rana ta shigo ta taga, abincin safe ya huce a gefe. Mai Wanki ta gaji da rantsuwa. Ta warware tsumman, ta ajiye awarwaron a cinyar tsohuwar.

Inna ta daɗe tana kallonsa yana sheƙi. Can fuskarta ta saki, ta rufe baki da gefen mayafi tana murmushin kunya.

"Ashe maigida ya cika alkawari. Ya ce zai kawo min fari tas daga tafiya."

Ta zura shi a hannu da kanta. Mai Wanki ta yi maza ta ɗauko kwano. Cokali ɗaya, biyu, har bakwai, Inna na ci tana juya awarwaron a hasken taga.

"Inna, a ƙaro miki?"

Tsohuwar ta ɗago, ta dube ta cikin ladabi irin na amarya da baƙuwa.

"Na gode, baiwar Allah. Ke 'yar gidan waye?"