Takardun Baba Mai Sarewa

"A hankali, 'yata, tallafo shi ta ƙasa. Gara ta riga ki zuwa wannan kwalin."

Baba Mai Sarewa ne ke magana daga kan gado, yana nuni da haɓa, don hannun ya daina ɗaguwa sosai. Wadda yake wa magana ma'aikaciya ce daga gidan adana tsofaffin takardu. Ni kuwa tela ce, bango ɗaya ya raba shagona da ɗakinsa. Ruwan zafi na shigo kawo masa, na tarar ana fita da kwalayen.

A zamaninsa shi ke tsara wa makaɗan gidan rediyo kiɗa. Yakan cika takarda da baƙaƙen ɗige-ɗige masu wutsiya, kamar tururuwa sun hau igiyar shanya, makaɗa su duba su busa abu ɗaya. Da aka rushe ƙungiyar kowa ya kama gabansa, takardun suka biyo shi gida. 'Yarsa da ke aure a nesa ta sha cewa a ƙone su, ɓeraye kawai suke tarawa. Da ciwo ya kwantar da shi, shi da kansa ya aika aka kira masu adanawa.

"Ɗaki mai sanyi za mu sa su, Baba. Ba gara, ba danshi."

"Ikon Allah! Ni da na rubuta su ina nan ina gumi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ina shafa masa baya ma'aikaciyar ta zaro wasu 'yan takardu ɗaure da zare.

"Wannan babu suna a kai, Baba."

Ya daɗe yana kallonsu.

"Na mai ɗakina ne. Shekarar aurenmu na rubuta mata. Na ce sai ranar babban taro za a busa, tana zaune a gaba. Yau da gobe, yau da gobe, har ta riga mu gidan gaskiya. Ba ta taɓa jin sa ba." Ya juyo. "Kin iya karanta shi?"

"Wallahi Baba, adanawa kawai aka koya mini. Amma masu bincike suna zuwa."

"Masu binciken suna busa?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce in miƙo masa sarewarsa. Na tallafa masa ya kai ta baki, iska kawai ta fito. Ya ajiye, ya lumshe ido, ya fara rera kiɗan da hanci, can ƙasa-ƙasa, yatsansa na bugun katifa. Ya ɗan hau, ya sauko, sai ya tsaya.

"A nan masu goge ke shigowa su karɓe ni."

Ya karkata kunne yana jira. Ba abin da muka ji sai gudumar mai gyaran babur a bakin titi.

"Ɗauki, 'yata," ya ce. "Kar ki sa shi a ƙasan kwali."

Bai ga ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, ina kan keke ina ɗinki, ƙarar keken ta hana ni jin komai. 'Yarsa ta iso bayan an kai shi. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana dube-dube.

"Inna, duk sun kwashe?"

"Duk."

"Ko ɗaya bai bar mini ba?"

Na girgiza kai.

Bayan wata biyu na rufe shago na tafi gidan adanawar. Ma'aikaciyar ta gane ni. Ta zaunar da ni a wani dogon tebur, ta ba ni farar safar hannu, ta kawo takardun nan na mai ɗakinsa, ta kwance zaren ta buɗe mini shafin farko. Na bi ɗige-ɗigen da ido, ban san inda ake farawa ba.

A kusurwar takardar akwai tsohon zagayen gindin kofi, inda wani ya taɓa dire masa shayi yana cikin rubutu. Na faki idonta, na zare safar, na ɗora yatsana a wurin.