Ginshiƙin da Na Shafe

Shekara talatin da shida ina aikin filasta, kuma ba yabon kai ba, ko makaho ya shafa bangon da na gama zai san hannuna ne. Wasu da sun watsa siminti sun ja katako sau biyu, shi ke nan, sai wanke hannu. Ni sai na bi shi da katako, na bi shi da soso, na koma gefe na ƙanƙance ido ina neman tudu ko kwari, har sai ya fito sumul kamar bayan ƙwai. Uwar 'ya'yana takan ce da ina lallaɓa mutane yadda nake lallaɓa siminti, da ban rasa abokai ba. Gaskiyarta. Halina kaushi gare shi, santsin duk a hannu ya tsaya.

Bara aka kira ni gyaran wani tsohon bene mai hawa huɗu da za a zuba 'yan haya. Mai kula da aikin wani ne da leburori ke kira Ba-Damuwa, don ko gobara ce ta tashi abin da zai ce ke nan. Bai taɓa ɗaga murya ba. Kowa na yawo fururu da ƙura, shi takalminsa na sheƙi, maganarsa kuma na shiga kunne kamar an shafa mata mai. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba, amma tun ranar ya gano lagona: a gaban kowa ya ce ya zaga garin nan kaf bai ga mai hannuna ba.

A ƙasan benen, inda ake ajiye motoci, akwai ginshiƙai goma sha biyu da ke ɗauke da gidan. Na bakwai daga ƙofa yana da tsaga, ta taso daga gindi ta karkace ta yi sama. Ƙaramin yatsana ya shige ta. Can ciki ana hango rodi ya yi tsatsa jawur.

A sana'armu tsaga iri biyu ce, matacciya da mai rai. Wanda ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mini yadda ake rarrabewa. Za ka sami siririn gilashi ka gitta shi a kan tsagar, ka manne bakinsa biyu da siminti, ka ba shi mako guda. In ka dawo ka tarar da shi lafiya, tsaga ta mutu, cike ta ka shafe. In ya fashe, ginin ne ke motsi, kuma magana ta wuce mai filasta. Ranar Litinin na manna gilashina. Ranar Alhamis na tarar da shi ya rabu biyu.

Na je na sami Ba-Damuwa da fushina. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce ai wani lebura ne ya buge gilashin da baro, har ya yi masa faɗa. Ya ce injiniya ya duba ginshiƙin tuni, tsufan siminti ne kawai. Gilashin nan daidai ƙirjina na manna shi, ban san baron da ke tashi sama ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya dafa kafaɗata.

"Baba," ya ce, "kai kaɗai za ka iya rufe ta ta rufu. In na ba wani, bayan wata biyu za ta fito masa, a ce ai aikin da kake wurin ne."

To ka ji abin da ya kayar da ni. Ba barazana, ba tilas. Na cike tsagar, sannan na yi dabarar da ba kowa ya sani ba: na naɗe ginshiƙin da ragar waya kafin in ɗora filasta, yadda ko ciki ya motsa fuskar ba za ta nuna ba. Na shafe sauran goma sha ɗayan su yi daidai da shi. Da mai fenti ya gama, na tsaya ina kallonsu, kuma wallahi daɗi na ji. Kyan ɗan maciji ne, na sani, amma na tattara kayana na tafi ban waiwaya ba.

Wata takwas ban bi ta titin ba. In mota za ta bi can, sai in sauka in canza wata.

Ranar wata Asabar autata ta kira ni, muryarta cike da murna. Ta ce sun bar ɗaki ɗayan nan da suke matse, sun tare a sabon gida tun makonni uku, ta ɓoye mini ne don tana so sai ta gama jere in gani. Mijinta, malamin makaranta ne mai ladabi har ya yi yawa, shi ya zo ya ɗauke ni a babur bayan azahar. Tun da muka karya kwana na gane titin nan ne da nake gudu. A ƙofar benen nan mai hawa huɗu ya tsaya, na sauka.

Hawa na biyu suke. Auta ta tare ni a matakala tana dariya, ta ce mai kula da gidan da kansa ya gaya musu wanda ya yi filastar.

"Muna jin haka ko ɗakunan ba mu gama dubawa ba, Baba. Na ce masa gidan da babana ya taɓa, ai ido rufe."

Na zauna a falo, an kawo ruwa na ajiye shi gefe. Jikata, 'yar shekara uku da nake kira amaryata, ta zo tana nuna mini ƙwallonta, wai ƙwallon ya san hanya. Ta ajiye shi a tsakiyar tayil, ba ta taɓa shi ba, ya gangara a hankali ya tafi lungun da ke kusa da taga. Ta ɗauko, ta sake ajiyewa, ya sake tafiya. Surukina ya ce ƙofar ɗakin kwana ma tana cijewa, sau biyu kafinta na fere ta, wataƙila katakon ne bai bushe ba. Na ƙirga a raina daga ƙofar shiga. Lungun nan a kan ginshiƙi na bakwai yake.

Na faɗa musu. Ban iya kwana-kwana ba, na ce gidan nan yana zaunawa, yana nutsewa ta gefe guda, su tashi yau. Surukina ya sunkuyar da kai yana cewa to, to, irin to ɗin da ake yi wa tsoho. Auta ta ce Baba ka fara, kai dama ba ka taɓa shiga gidan wani ba ka ga aibu ba. Don ya kwantar mini da hankali, mijin ya kira Ba-Damuwa a waya ya buɗe murya kowa ya ji. Mutumin ya gaishe ni da girmamawa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"In akwai tsaga, Baba, ai sai ka nuna musu," ya ce.

Muka sauka mu uku, Auta da mijinta da ni. Ginshiƙai goma sha biyu, farare tas, ko layin gashi babu a jikin ɗaya. Auta ta shafa na bakwai da tafin hannunta ta ce in ji santsi, sai ka ce madubi. Ta koma sama, tana da tukunya a wuta, yarinya kuma ita kaɗai. Daga can saman rufi ina jin wani inji yana tura ruwa. Surukina ya ce ai an ƙara manyan tankuna biyu a makon nan, yau ake cika su.

Akwai wani makaniki a ƙarƙashin wata mota a gefe. Na ɗauki gudumarsa ban tambaya ba. Ban taɓa dukan aikina ba sai ranar. Filastar ta ƙi fashewa, don na yi ta da kyau, sai da na yi ta bugu har ragar ta yage, ɓawon ya zubo a ƙafafuna. Surukina, da yake ta ba ni haƙuri, ya matso ya leƙa.

Abin da na cike tsagar da shi ya zama gari. Na sa hannu, ya shige har wuyan hannu. Rodi biyu sun lanƙwashe sun turo waje. Ina tsaye a haka na ji yashi yana zubo mini a bayan hannu, siriri, ba ya tsayawa.

Na ce wa surukina ya bi ƙofa-ƙofa ya fito da mutane, ya faɗa musu ni na rufe tsagar, ni mai filasta. Ya ruga. Da ɗaya hannun na lalubo waya na kira Auta. Wayar ta yi ta ƙara kafin ta ɗauka, ina jin amaryata tana tsalle-tsalle a bayanta.

"Baba, bari in sauke tukunyar nan, yanzu zan..."

"Bar ta," na ce. "Ɗauko yarinyar. Kada ki tsaya neman takalmi, kuma kada ki yi gudu a matakala."