Masu Leƙen Farashi

Shekara tara ina aikin da ko mijina ba ya iya faɗa wa mutane sunansa. In an tambaye shi sai ya ce, "Tana kanti." Gaskiya ne ina kanti, amma rabin yinina a kantin wasu nake yi. Ni ma'aikaciyar Kantin Ja ce. Kullum da safe nakan tsallaka titi in shiga Kantin Kore kamar mai sayayya, in zaga da kwando, in haddace farashin kayansu, in dawo in rubuta wa manajanmu a littafi. In ya ga sun fi mu arha, sai ya buga tebur, ya zagi iyayen da ba su san yana yi ba, ya sa a rage namu. Ma'aikatan Kore kuwa, Kwando suke kirana, don ba su taɓa ganin na sa komai a cikinsa ba sai ashana.

Su ma suna da nasu ɗan leƙen, wani dogon mutum da muke kira Tabarau. Kullum ya shigo mana yana jujjuya gwangwani kamar mai duba ranar lalacewa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Tun makon farko na gane shi, shi ma ya gane ni, muka yi shekara biyu muna giftawa a tsakiyar titi ba ko sannu.

Madarar gari ce ta haɗa mu. Lokacin na yaye autata, gwangwani ɗaya ba ya kai mu mako, ga albashin nan kamar an ɗebo shi da cokalin shayi. Wata safiya mun tsaya a dandamalin da ya raba titin muna jiran motoci su wuce, na ce masa ba tare da na kalle shi ba:

"Bawan Allah, madararku ɗari tara ce, daidai da tamu. In na koma na ce wa manajanmu kun mayar da ita ɗari takwas, me zai yi?"

Ya gyara tabarau. "Zai rage taku."

"Kai kuma ka shigo ka gani da idonka, ka je ka faɗa wa naku gaskiya."

Wata babbar mota ta wuce. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, ke fa ba ki da tsoron Allah. Mako mai zuwa a yi man girki, ni zan fara."

Haka muka shekara bakwai. Wannan mako ni ce maƙaryaciya shi mai gaskiya, wancan mako mu musanya. Sukari, sabulu, man girki, garin wanki, duk mun sauko da su. Manajojin nan biyu kuwa ba sa ga maciji, kowa ya rantse ba zai taka kantin ɗan'uwansa ba, don haka ba wanda ya taɓa zuwa ya duba. Unguwa ta ɗauka. Mata daga nesa suke zuwa titinmu sayayya, ana ta sa wa gasa albarka. Ni da Tabarau in mun haɗu a dandamali sai mu sunkuyar da kai, don gasar ce ke tsaye tana jiran mota ta wuce.

Sai ga sanarwa ranar wata Litinin. Masu Ja da masu Kore, da suka shekara ashirin suna jifan juna a talla, sun zauna a wani otal sun gano ashe 'yan'uwa ne. An tara mu a ɗakin ajiya, aka raba mana lemo mai ɗumi, aka ce yanzu mun zama iyali ɗaya. Wata mai karɓar kuɗi a bayana ta ce, "A gidanmu ma in an ce haka, wani za a kora."

Ba ta yi ƙarya ba, ita aka fara sallama. Kantin Kore ya koma wurin ajiye kwalaye. Allon ƙofarmu aka haɗa masa ja da kore, ya fito da wata kala da ba zan faɗi abin da take kama da shi ba. Aka kawo injinan biyan kuɗi da kanka, masu yi wa tsofaffi tsawa. Akwai wata dattijuwa da ta saba yi mana barazana, "Ku rage ko in tsallaka!" Ranar da ta sake faɗa, mai gadi ya buɗe mata ƙofa da ladabi ya ce, "Mama, a tsallaka lafiya."

Ni dai na fara lissafi. Kanti ɗaya ba ya leƙen kansa. Motar hayar mijina ta fi wata uku a gareji, babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, kuma albashina ne kaɗai ke shiga gidan.

Hedikwata ta turo wata matashiya mai kwamfuta da takalmi mai ƙara. Ta kira ni da Tabarau ofis tare, ta ce gurbi ɗaya ya rage, na mai manna farashi a jikin kantar kaya, mu kuma mu biyu ne. Sannan ta ajiye littattafaina a dama, nasa a hagu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Na zuba su duka a kwamfuta," in ji ta. Ta dube ni. "Nan kin rubuta Kore ta rage sukari ranar Litinin. Kore ba ta rage ba sai Talata, bayan Ja ta rage." Ta juya gare shi. "Kai ma haka, mako na gaba, a kan sabulu. Sau ɗari uku da goma sha biyu. Ashe duk gasar da kamfanoni biyu ke kuka da ita a wannan titin, ku ne." Har da ɗan murmushinta, kamar abin ya burge ta. "Ba zan kai ku ko'ina ba. Abu ɗaya nake son sani, dabarar wa ce? Mai dabarar zai tafi, ba kuɗin sallama. Ɗayan ya riƙe aikin."

Tabarau ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, alamar zai yi dogon bayani. Kafin ya mayar, yatsana ya riga ya miƙe yana nuna shi. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga shi ba, amma kuma ban sauke ba.

Ya sa tabarau, ya kalli yatsan, ya kalle ni. Ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na samu aikin. Kullum da safe hedikwata ta turo sabon farashi, ni kuma in bi kantar kaya ina manna babba a kan ƙarami. Ko na so in yi tsiya ba dama, injin biyan kuɗi daga can yake karɓar umarni, takardata ado ce kawai. Mijina yanzu yana iya faɗin aikina a gaban mutane. Ni ce ba na iyawa, kunya nake ji har cikin ƙashina.

Wata biyu ban ga Tabarau ba. Sai wata Talata na hango shi a layin ƙarshe, ya rame, yana tsaye gaban kunzugun manya, irin wanda ake sa wa tsofaffi marasa lafiya. Ya ɗauki babbar leda, ya karanta takardar da na manna da hannuna, ya mayar, ya ɗauki ƙarama.

Na matsa kusa kamar ina gyara kanta. Na ce, "Na waye?"

"Na mahaifina. Shekara huɗu yana kwance."

Shekara bakwai muna ƙarya tare, ban taɓa tambayarsa wa yake ciyarwa ba. Na duba hagu na duba dama, na rage murya.

"Yaya, ka ɗauki babbar yau. Na ga takarda, ranar Alhamis farashin zai sake tashi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi.

"Na gode da labari, Kwando," in ji shi. "Da wane kuɗin?"

Ya rungume ƙaramar ledar ya nufi injin.